Zumar da Fannami Ya Aika Yamai

Fannami manomin tattasai ne, kuma mutum ne da ba a juya shi. In ya ce ga yadda za a yi, to magana ta ƙare. Shekara bakwai ke nan da ƴan bindiga suka tashe su daga garinsu na bakin Komadugu, suka hauro bakin kwalta a Gagamari, shi da matarsa Zulaihatu da ƴarsu Rashida. Da tanti suka fara, yanzu sun yi ɗaki biyu na laka, amma har yau in ya ce gida, can gangare yake nufi.

Ciwon Zulaihatu ƙullutu ne ya fara a ƙarƙashin muƙamuƙi. An sha rubutu, an shafa saiwa, bai sauka ba. Likitan Diffa ya tura su Damagaram, can aka yanki ɗan nama aka duba, aka ce ciwon daji ne, sai Yamai, inda akwai injin da ke gasa irinsa. Rashida ce ta tafi da ita, don ita ta yi lakwal, makarantar boko, tana jin Faransanci, mijinta kuma ya yarda. Fannami ya zauna. Dole wani ya tsaya ya sayar da tattasan da za a ci a can.

Kwana uku da fara gashin, Rashida ta kira shi da hantsi yana ɗinke bakin buhu.

"Baba, gashi talatin da uku za a yi mata, kullum ɗaya, ban da Asabar da Lahadi. Lokotoro, likitan nan, ya ce injin ba ya zaɓe, yana ƙona ciwon yana ƙona baki. Wajen sati na uku bakin yake salewa. In ta kasa haɗiya dole su tsayar, in kuwa suka tsayar, ciwon ya samu hutu ke nan."

"To me za a yi?"

"Sun ba mu abin kurkure baki. Ya ce kuma mu gwada zuma. Cokali ɗaya kafin ta shiga injin, ɗaya in ta fito, ɗaya da yamma. Ta riƙe a baki ta juya, sannan ta haɗiye a hankali. Ya ce ba alkawari ya yi mana ba, amma wasu tana taimakonsu. Sai dai tsantsa. Kuma an hana ta yaji, ko ɗan ƙanƙani."

"An hana Babarbariya yaji. To me za ta ci, takarda?"

"Kunu take sha, Baba."

"Zumar fa, ina kika samu?"

"A kanti na saya. Kwalba ce mai takarda a jiki."

"Takardar ce ke yin zuma? Sukari aka dafa aka sayar miki. Ku lallaɓa da ita tukuna, tawa na nan zuwa."

Ranar kasuwa ya shiga Diffa ya bi masu zuma ɗaya bayan ɗaya. Yana da hanyar gwaji da ya koya wajen ubansa. Ya ɗiga a kan yashi: ta gaske tana dunƙulewa, ta ƙarya tana bajewa. Ya tsoma kan ashana ya ƙyasta. Ya ɗiga cikin ruwa ya ga ko za ta nutse a haɗe. Mutum biyar ya gwada, biyar ɗin ya tsine musu. Na ƙarshen, wani dattijo mai gemu, ya ce masa, "Malam, in ba ka yarda da kowa ba, je ka ka tambayi ƙudan da kansu."

"Can za ni," in ji Fannami.

Ba wasa yake ba. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da aka ɗan samu sauƙi mutane suna gangarawa gonakinsu da rana, ya saƙa amya huɗu da kaba, ya shafe su da kashin shanu, ya rataya uku a giyayyar bayan tsohon gidansa, ɗaya a saman tsamiyar bakin kogi. Daga baya aka kashe mutum biyu a wurin, hanya ta sake rufewa, bai taɓa ɗibar ko ɗigo ba.

Ya samu Abatcha, ƙanen Zulaihatu, wanda da masunci ne yanzu kuma yake dakon ruwa a amalanke.

Abatcha ya ce, "Ya Fannami, bazara ce. Kogi ya janye ya zama yashi, yaran can da ƙafa suke tsallakowa."

"Na san kogi kafin a haife ka."

"Kuma zuma a duhu ake ɗibanta, lokacin da ƙudan suka yi sanyi. Wa zai kunna wuta a bakin kogi a duhu? In soja bai harbe mu daga nan ba, su za su harbe mu daga can."

"Da rana za mu ɗiba."

"Da rana. A wannan zafin. Ka taɓa ganin wanda ya yi haka?"

"Gobe za ka gani. Yayarka ce, in ba za ka ba ka faɗa mini, na san abin da zan gaya mata."

Abatcha ya yi tsaki ya tafi neman bokiti.

Sun fita bayan asuba, suka bar jaki da amalanke wajen wasu makiyaya a ƙarshen tudu, suka ƙarasa da ƙafa. Rana ta yi tsaka kafin su shiga garin. Bango ne kawai a tsaye, an kwashe rufi da ƙyaure. Filin da suke shanya tattasai har ya yi ja kamar an shimfiɗa darduma, yanzu ƙaya ce da kashin awakin da ba a san na wa ba. Fannami bai tsaya kallo ba, ya zagaya bayan gidansa. Nan ya ɗan tsaya. Zulaihatu tana da ɗan lambu a bayan ɗaki inda take shuka barkonon miya, ƙanana masu bala'in zafi, irin da ta zo da shi daga gidan uwarta. Ba wanda ya kula da shi, amma kowace shekara yana zubar da ƴaƴa, ruwa ya zo ya tayar da su. Ga shi nan a tsaye ya bushe a jikin kara, ja wur.

Amya ukun suna nan a giyayya, sun yi nauyi har reshe ya sunkuya. Tun daga ƙasa ana jin gunjin ƙudan.

Suka ɗaure damin ciyawa suka kunna. Fannami ya naɗe kansa da rawani ya hau. Ya kai hayaƙin bakin amya ta farko, ya zare murfin. Abin da ya fito ba ya misaltuwa. Ƙudan rana ba kamar na duhu ba ne, hayaƙin ciyawa tsokana kawai ya yi musu. Suka rufe shi baƙi ƙirin, suka shiga ta wuyan riga, ta ƙasan rawani, ta hannu. Ya sauko rabi da hawa rabi da faɗuwa, suka ruga cikin kangon ɗaki suna kaɗe jiki.

Abatcha yana zare ƙari daga kunnensa ya ce, "Mun gani. Mu tafi."

Daga can ƙetare, nesa, aka ji ƙarar bindiga sau biyu, sai shiru.

"Ya Fannami, ka ji. Mu tafi tun muna da ƙafa."

Fannami ya miƙe. Idonsa na hagu ya riga ya fara rufewa. Ya fita ya nufi lambun, ya tuttuge karan barkonon nan rungume guda, ya cusa su tsakiyar sabon damin ciyawa ya ɗaure. Haka suke korar ɓera daga rumbu da jemage daga ɗaki, duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san wannan.

"An hana ta yaji fa," in ji Abatcha.

"Ci za ta yi? Hayaƙi ne, iska zai bi. Kunna."

Hayaƙin ya tashi fari mai kauri. Su kansu tari ya sarƙe su, hawaye da majina suna zuba. Fannami ya hau yana riƙe numfashi, ya tura bakin damin cikin amya ya hura, ya sake hurawa, bai daina ba sai da gunjin ya mutu. Ƙudan suka riƙa zubowa ƙasa kamar ana kakkaɓe tsamiya. Ya sa hannu ya riƙa yanko saƙar, baƙa mai nauyi ta shekara biyu, yana miƙa wa Abatcha. Haka ya yi wa ta biyu da ta uku. Bokiti ya cika. Ya ɗaga kai ya dubi ta huɗu can saman tsamiya a bakin yashi, inda duk wanda ke ƙetare zai hango mutum. Abatcha ya riga ya ɗauki bokitin ya yi gaba, shi ma sai ya bi shi.

Washegari ya zauna a tsakar gida ya matse saƙar da hannunsa, ya tace da sabon mayafin Zulaihatu da ba ta taɓa yafawa ba. Fuskarsa ta kumbura har ba a gane shi, idanu kamar an tsaga da reza, leɓe ya yi uku. Abatcha ya ɗaga waya ya ɗauke shi hoto yana dariya.

"Bari in tura wa Rashida ta nuna wa uwarta irin mijin da ta bari a gida."

"Tura. Ko a haka na fi ka kyau."

Kwalba biyu manya aka samu. Ya ɗiga a yashi, ta dunƙule kamar dutsen ado. Ya tsoma ashana, ta kama. Ya ɗiga a ruwa, ta nutse a haɗe. Ya lashe yatsunsa, Abatcha ya lashe mayafin, duka biyun suka ce zuma ke nan. Fannami mutum ne da ya yi shekara hamsin yana tauna ɗanyen barkono da gasasshen kifi. Shi da Abatcha harshensu ɗaya.

Suna cikin haka sai Inna ta yi sallama, tsohuwar Bafulatana mai kawo musu nono tun zuwansu Gagamari. Tsakaninta da Fannami wasan Fulani da Barebari ne, ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Ta ajiye ƙwarya ta ƙare masa kallo.

"Wa ya daki bawana bai nemi izinina ba?"

"Bawanki yana rugarku yana tatsar akuya."

"Zuma nake gani. To miƙo rabon uwargijiyarka."

Al'ada ce a kwarin, wanda ya ɗebo zuma ba ya rufe ta sai ya lasa wa maƙwabta da duk wanda ya tarar ana tacewa. Ko yatsa ɗaya ne, a dai lasa. Fannami ya san haka sarai. Ya jawo kwalaben ya murɗa murfi.

"Wannan ba ta rabo ba ce. Magani ce, a ƙirge take, cokali uku kullum."

"Ɗigo ɗaya zai kashe ka?"

"Je ki sha nononki. Ku da ko yaji ba ku iya ci ba, me kuka sani a daɗin baki?"

Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Rowar Babarbare. Allah Ya ba Zulaihatu lafiya, don ita ba don kai ba."

Ya naɗe kwalaben da tsumma ya sa a kwali, ya kai tashar Diffa da kansa, ya tsaya sai da ya ga an sa su cikin kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja. Ya kira Rashida ya ce, "Ki zubar da ta kantin nan. Kuma ko ke kada ki lasa, ta uwarki ce ita kaɗai."

Zumar ta isa ranar gashi na goma sha uku. Har lokacin Zulaihatu tana shan kunu, har da ɗan tuwo mai laushi, bakin ya yi ja kawai. Kwana biyu bayan haka ya kira.

"Tana sha?"

"Tana sha, Baba. Amma in ta sa a baki sai hawaye. Ta rufe ido ta damƙe hannuna. Na ce mu koma waccan, ta girgiza kai."

"Kin zubar da waccan ai."

"Sai in sayo wata."

"Kada ki soma. Zumar gaske ce ta samu ciwo take cinsa. Waccan da ba ta ji komai ba, ai ruwan sukari ne. Ba ni uwarki."

Ya ji numfashinta a wayar, sannan muryarta can ƙasa. "Baban Rashida. Idon ya buɗe?"

"Ya buɗe. Ki sha, kin ji. Kada ki tsallake ko ɗaya."

"Ina sha."

Bayan wannan wayar ba ta sake karɓa ba. Kullum Rashida ce, kullum maganar tana raguwa. Ta daina tuwo. Ta daina kunu sai ruwansa. Ranar da ya kamata a yi gashi na ashirin, Rashida ta ce an tsayar. Bakin ya sale tun daga leɓe har maƙogwaro, ko miyau ba ya wucewa. Lokotoro ya ce a sa mata tiyo ta hanci a riƙa ba ta abinci, a jira kwana goma a gani. An sa, ta zare da hannunta. An sake sawa, ta sake zarewa. Ta nuna gabas da yatsa, ta yi ta nunawa har Rashida ta haƙura. Aka ba su takardar randebu, ta ranar komawa asibiti, aka ce in bakin ya warke su dawo cikin sati biyu, kada su wuce.

Kar ɗin ya sauke su a bakin kwalta da la'asar. Fannami ya ɗauke ta a hannu, ba ta fi buhun da ba a cika ba. Wuyanta ya yi baƙi inda injin ya bi, ta rufe baki da ƙyalle, ƙyallen ya jiƙe. Ya kwantar da ita a ɗaki. Da ya fito, Rashida tana tsaye a tsakar gida da kwalaben a hannu, ɗaya cike, ɗaya saura kwata.

"Baba, me ka sa a ciki?"

"Me zan sa? Daga amya sai mayafin uwarki."

"Wata ma'aikaciya ce ta ga yadda take yi in ta sha, ta ce in ba ta ta ɗanɗana. Ta ɗiga a harshe, ta ruga famfo. Ta ce akwai barkono."

"Ƙarya take. Mutanen Yamai ko albasa suka ci sai su nemi famfo."

"Ni ma na lasa bayan nan. Yana nan, Baba. Ba a farko ba, a ƙarshe, can baya."

Ya fizge kwalbar ya tuttula a tafin hannu ya lashe. Ya juya ta a baki, ya haɗiye, ya jira. Zaƙi ya ji da ɗan ƙaurin hayaƙi, kamar kowace zuma.

"Babu komai."

Rashida ta ce, "Lokotoro ya ce ko ba wannan, da yawa bakinsu yana salewa a sati na uku. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa cewa ita ce."

"Na ce miki babu komai a ciki."

Bai yi barcin kirki ba. Da safe ya zauna a ƙofar gida da kwalbar a gefensa har Inna ta ɓullo da ƙwaryarta. Ba ta yi masa wasa ba, ta ji labari. Ya tsoma tsinke ya miƙa mata.

"Ga rabonki."

"Yau kuma?"

"Lasa."

Ta lasa. Ta fara gyaɗa kai, sai fuskarta ta yamutse. Ta yi tari, ta tofar, ta buɗe ƙwaryarta ta kurɓi nono ta riƙe a baki. Da ta samu numfashi ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin da Zulaihatu take.

"Wannan ka aika mata?"

Ya gyaɗa kai.

"Kwana nawa ta sha?"

"Bakwai. Sau uku kullum."

Inna ta rufe ƙwaryarta. "Da ka ba ni ranar nan," ta ce, sai ta bar maganar a nan ta shiga duba mara lafiya.

Washegari bayan asuba ya fita shi kaɗai, bai gaya wa Abatcha ba. Ya je ya hau tsamiyar bakin yashi da damin ciyawa zalla, a fili, duk mai ido a ƙetare yana iya ganinsa. Ba wanda ya harbe shi sai ƙudan. Ya bar su suka yi abin da za su yi, yana yanka yana zubawa a ƙwarya da hannu ɗaya. Amyar ba ta da yawa, rabin kwalba ta bayar. Ya dawo da yamma yana tangaɗi, zazzaɓi ya kama shi a hanya. Ya wanke hannu da sabulu sau uku, ya ba Rashida ta matse da nata hannun, ya aika aka kira Inna daga rugarsu. Ta lasa ta jira, ta sake lasa.

"Wannan zuma ce," ta ce.

Washegari da hantsi ya shiga ɗakin da kwalbar da cokali. Zulaihatu tana kishingiɗe a jikin bango. Ta dubi fuskarsa da ta sake kumbura, ta rufe ido ta buɗe. Ya zauna a bakin tabarma. Rashida ta roƙe shi kada ya faɗa mata, amma shi bai iya ajiye magana a ciki ba.

"Waccan zumar, da hayaƙin barkono na kori ƙudan. Ya shiga ciki. Ni na yi. Abatcha ya yi magana ban ji ba."

Ta janye ƙyallen daga bakinta. Magana tana fita da ƙyar, kalma ɗaya sai ta huta.

"Na sani."

"Rashida ta faɗa miki?"

Ta girgiza kai. "Cokali na farko. Barkonona ne. Na bayan ɗaki."

Ya ajiye cokalin. Ya ce, "To me ya sa kika sha? Sau ashirin da ɗaya. Baki gare ki a lokacin, me ya hana ki faɗa?"

"Na ga hoton."

"Hoton banza. Kumburi ne, kwana uku ya sauka."

"Da na faɗa, da ka koma." Ta ɗaga yatsa ta nuna fuskarsa. "Ga shi."

Ya jawo kwalbar. Ya zuba zumar a cokali, ya kai bakinta. Ta karɓa ta riƙe. Ba ta yi hawaye ba. Ya ga maƙogwaronta ya motsa sau ɗaya, sau biyu, sannan zumar ta dawo ta gefen leɓe ta gangaro haɓa, da ɗan jini a ciki. Ya goge mata da bakin rigarsa.

"Kaɗan kaɗan," ya ce. "Saura kwana goma sha ɗaya. Bakin zai kama, ku shiga kar. Goma sha huɗu ne kawai suka rage, kin ci sha tara."

Ta kama hannunsa ta kai ƙarƙashin muƙamuƙinta. Ƙullutun da ya ragu yana nan, da tauri kamar ƙwallon goruba. Ta riƙe hannun a wurin don ya ji da kyau, sannan ta sake shi.

Bakin ya ɗan kama a kwana na tara, ta sha kunu rabin ludayi. Fannami ya sa Rashida ta ɗaure kaya. Ranar tafiya randebun ya fita bakin kwalta tun da sassafe, ya tsayar da kar ɗin da hannu biyu, ya ce wa direba ya jira akwai mara lafiya. Ya dawo da gudu. Shi da Abatcha suka ɗaga ta, ƙafafunta suka ƙi tsayawa. Suka kai ta ƙofar gida, ta kama zana da hannu biyu ta ƙi saki. Tafiyar Yamai kwana biyu ce a kan kujera, ko lafiyayye yana jin jiki. Direba ya yi oda sau uku ya tafi.

Fannami ya ce gobe. Gobe ma ya tsayar da kar ɗin, jibi ma haka, har direbobin suka daina rage gudu in sun hango shi.

Ta rasu sati shida bayan haka, kafin ruwan farko ya sauko kogi. Rabin kwalbar nan ta saman tsamiya ba ta ƙare ba, Rashida ta ba Inna. Kwalbar mai barkonon, cikakkiyar, Abatcha ya ɗauka zai zubar a bayan gida, Fannami ya karɓe ta ya ajiye a kan bangon ɗakinsa. Wani lokaci in ya dawo daga kasuwa yakan sauke ta, ya tsoma yatsa ya sa a baki, ya zauna yana jira ya ji abin da ta ji. Har yau zaƙi kawai yake ji.